Shafi na Sha Bakwai

Sama'ila Badamagare ne, ma'aikacin lafiya da aka turo Tahoua a 1996. Bai daɗe ba wani shirin kiwon lafiya, irin wanda mutanen gari ke kira furoje, ya ɗauke shi, domin yana cikin 'yan kaɗan da ba su tsoron kwamfuta. Aikinsa shigar da sakamakon gwajin jini cikin na'urar. Yana da basira, amma yana son gajeriyar hanya, kuma a ofis wannan hali ya fi sata ɓarna.

A 1998 darekta ya ce a rubuta ɗan littafin koyarwa domin majo-majo, wato shugabannin ƙananan asibitocin ƙauye, su ga yadda bayanan da suke aikowa ke shiga na'ura, su daina cika takarda yadda suka ga dama. Aka ba Sama'ila wata manhaja: ka danna maɓalli biyu, ta ɗauki hoton duk abin da ke kan allon kwamfuta, ka sa shi cikin rubutu. An umarce shi ya ƙirƙiri sunayen ƙarya ya yi misali da su. Ya ga wannan aikin yini guda ne cur. Sai ya buɗe rajistar gaske, ya yi ta dannawa. Aka buga littafi talatin, motar furoje ta rarraba su har bayan Barmou.

Bayan mako biyu yana duba nasa kwafin, yana jin daɗin aikinsa, idonsa ya sauka a shafi na sha bakwai. Hoton ƙarami ne, amma ana karanta shi. Layukan sama lambobi ne kawai. Layi na uku kuwa ya fito da komai: Kande Yunusu, Kalfu, shekara talatin da ɗaya, Sida, wato ƙanjamau, da alamar an samu.

Ya tuna ta. Mijinta ya dawo daga Abidjan a rame, ya mutu kafin damina. Ranar da aka gaya mata sakamakonta, ta tsaya bakin ƙofar ofishinsa da goyo, ta ce, "Malam, ka ruhwa mini asiri, Allah shi ruhwa naka. Hura nika saidawa. In an ji, ko ludayina ba mai taɓawa, kuma ɗiya ukku gare ni."

Nan take ya goge hoton daga kwamfuta. Aikin banza ne, domin takarda ta riga ta fita.

Kwana uku bai ci abincin kirki ba. In ya gaya wa darekta, za a kore shi, a lokacin da masu takardu ke zaune a gindin bishiya ba aikin yi, kuma za a aika wa kowane majo wasiƙa a ce ya cire shafi kaza, mutum talatin su buɗe su karanta. In ya yi shiru, littafin yana nan a Kalfu, taku kaɗan daga inda Kande ke dama fura. Duk inda ya juya, sunanta ne a gabansa.

A ƙarshe ya ce wa kansa a Kalfu kaɗai aka san ta. Ya buga sabon kwafi mai sunayen ƙarya, aikin da ya ɗauke shi awa huɗu kacal, ya ari babur ya tafi.

Majon Kalfu, Dauda, Ba'adare ne, ɗan yankin, mai yawan raha da sakin baki. Yana zaune a baranda yana cin gyaɗa.

"A'a! Malamin kwamfuta da kainai! Mi ya koro Badamagare cikin duwatsunmu?"

"Majo, littafin nan na kwanan baya. An yi kuskuren bugu, na kawo maka gyararre."

"Wane littahi?" Dauda ya shiga ya yi ta bincike, ya zaro shi daga ƙarƙashin kwalin auduga. Yana cikin ledarsa, ko buɗe shi ba a yi ba. "Wanga? Wa ka da lokacin karatu? Ni ɗaya nika allura, ni ka awon ciki."

Sama'ila ya ƙura wa ledar ido. Da ya zauna a Tahoua, da littafin ya ruɓe a nan. Ya miƙa hannu da sauri.

Saurin ne ya tona shi. Dauda ya janye littafin, ya dube shi yana murmushi.

"Tsaya, abokina. Ku mutanen birni da ba ku zuwa ko an yi annoba, yau ka ƙona mai saboda kuskuren bugu? Bari in ga kuskuren ga da ya hi ƙyanda."

"Ba komai ba ne, yaya Dauda. Don Allah ba ni."

"Don Allah kuma? To lalle akwai magana."

Ya yage ledar, ya karɓi sabon, ya ɗora littattafan biyu a cinya, yana buɗe su shafi da shafi. Sama'ila yana tsaye, ba shi da ikon ƙwacewa, ba shi da ikon tafiya. A shafi na sha bakwai yatsan Dauda ya tsaya. Murmushin ya ɓace.

"Kande tamu? Mai hura?" Ya tofar da yawu gefe. "Yau da sahe na sha hurarta."

"Majo, kai ma'aikacin lafiya ne. Ka san ba a ɗauka ta abinci. Amana ce."

"Na sani mana. Ba wanda za shi ji." Ya miƙa masa tsohon littafin. "Sai dai uwargida, ita ka aikawa a sawo. Dole in ce mata ta bari."

Sama'ila ya roƙe shi har ya gaji. Dauda ya yi ta rantsuwa cewa matarsa ba ta da surutu.

A hanyar fita gari sai da ya bi ta bakin kasuwa, domin hanyar ɗaya ce. Kande na zaune da ƙwaryarta, mutum huɗu na jira. Ta gane shi, ta ɗaga ludayi tana fara'a.

"Malam! Tsaya ka sha, ba kuɗi."

Ya ɗaga mata hannu, ya ƙara wuta.

Ranar kasuwa ta uku bayan wannan, ya tambayi direban furoje da ya dawo daga Kalfu ko ya ga mai furar bakin kasuwa. Direban ya ce ya gan ta, ita kaɗai, ƙwaryarta cike har la'asar, tana kiran mutane da sunayensu suna wucewa.

Ba wanda ya taɓa tuhumar Sama'ila. Darekta ma ya yaba littafin, ya ce a ƙara buga hamsin.