Talatin a Numfashi Ɗaya

Teburina yana ɗakin baya, tsakanin firjin allurar rigakafi da kwalayen safar hannu. Asibitinmu ƙarami ne, ba ma kwantarwa. Duk wanda ya zo da mura da tari da zazzaɓi, likita zai duba shi ya sallame shi, ni kuma in bi shi da waya kullum ƙarfe goma na safe har kwana bakwai. Idan na ji ciwon ya sauka ƙirji, sai in tura mota a kai shi babban asibiti.

Mutanenmu kuwa sai a hankali. Mutum yana ganin lahira kusa, ka tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Shi ya sa na daina tambaya. Huhu bai san kara ba, don haka cewa nake a ja numfashi ɗaya a ƙirga mini daga ɗaya zuwa talatin, inda mutum ya tsaya in rubuta. Ina ji da wannan dabarar tawa, har sababbin ma'aikata nake koya wa.

Wani tela ya zo ranar Litinin, dattijo mai ciwon suga, ga baki kamar rediyo. Ranar Talata ya kai ashirin da huɗu, ya ce in ƙara masa shida don girman furfura. Ranar Laraba ya tsaya a sha bakwai, ya yi tari mai tsawo.

"Sista Lissafi," in ji shi, sunan da ya laƙaba mini ke nan, "wai nawa ne faɗuwa a jarrabawar nan taki?"

Dariya na yi. "Ranar da ka kasa kai goma, Baba, sai gado a babban asibiti."

Sai ya ce, "Can na kai matata bara. Da ƙafarta ta shiga."

Na ce Allah ya jiƙanta, na kashe, saboda mutum ashirin da shida na jirana. Da bakina na gaya masa inda iyakar take. Wannan maganar ita ce ta hana ni sakat har yau.

Ranar Alhamis ya amsa gaisuwa a gajarce, ya zuba mini talatin cif ba ko gargada. Na ji daɗi har raina. Ranar Juma'a ma talatin. Sai dai a bayan muryar akwai wata ƙara da ke zuwa tana komawa, kamar ana jan zarto a ɗanyen katako.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Fanka ce."

Na yarda, don ina son in yarda. Da likita ya leƙo ya tambayi telan nan mai suga, har da ɗaga masa babban yatsa na yi.

Ranar Asabar ko gama sallama ban yi ba ya fara ƙirge. Ya kai talatin, na rubuta. Ɗakin nasu tsit. Wallahi abin da ya fara zo mini shi ne an gyara fankar.

"Baba Tela, kwana uku ke nan ba ka tsokane ni ba," na ce. "Ko fushi ake da Sista Lissafi?"

Na ji ana numfashi a wayar, lafiyayyen numfashi.

"Sista, ba shi ba ne. Ƙaninsa ne. Tun muna yara ba a bambanta muryarmu."

"Ina yake? Ba shi wayar."

"Yaya ya rasu jiya bayan la'asar. Mun kai shi makwancinsa."

Biron yana hannuna, ga talatin ɗin da na rubuta a gaban sunansa ko bushewa ba ta yi ba. Sai na hau salati.

"Da wayarsa ta yi ƙara yanzu, na ga ke ce," ya ci gaba, "ban san me zan ce ba. Sai kawai na ƙirga."

"Me ya sa ka yi haka tun farko?" Na ji muryata ta tashi, kuma na san ba shi kaɗai nake wa faɗa ba.

"Yayana ne. Shi ya riƙe ni, shi ya koya mini ɗinki. Ya kama hannuna ya ce kada in bari a kai shi can. Ya ce ke mutuniyar kirki ce, lamba kawai kike so." Sai ya ƙara da cewa, "Jiya da kike tambayar ƙarar nan, yana kwance kusa da ni. Yana jin ki. Har ya ɗaga hannu."

"Ya ɗaga hannu ya ce me?"

"Ban sani ba, Sista. Ko cewa yake in yi shiru, ko wayar yake so in ba shi. Tun jiya nake tunani. Na ce ko ke za ki sani, tunda aikinki ne."