Bawul ɗin da ke Cikin Akwatin Gaba

Tirelar ta fara tari ne suna barin Daura, a kan hanyar Kano. Sada direba ya taka totur har ƙasa, injin ya yi gurnani kamar zai amsa, sai kuma ya yi sanyi. Da ƙyar ya lallaɓa ta gefen titi kafin ta mutu, a wani fili fetal da babu ko bishiya ɗaya.

A bayanta akwai shanu talatin da biyu da aka loda a karar Mai'adua da safe, an cunkusa su ƙaho na gugar ƙaho. Rana ce ta tsakiyar bazara, ga shi sha biyu ta gota. Duk wanda ya taɓa ɗaukar shanu ya san iskar tafiya ce ke riƙe da ransu. Mota na tsayawa, bodin ƙarfen nan ya zama tanda.

"Lafiya, direba?" in ji Baba Hamma, dattijon da ya ɗauki shatar motar, yana zaune a gefensa.

"Ɗan abu ne, Baba. Yanzu za mu tashi."

Ƙarya yake yi, kuma ya san ƙarya yake yi. Sati uku ke nan da Ɗantsoho bakanike ya kwance masa wani ɗan ƙarfe a jikin famfon gas, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Ya ce wannan ne bawul ɗin da ke tare mai don ya yi ƙarfi kafin ya shiga injin, sai rara kawai yake bari ta koma tanki. Sifirin ɗin cikinsa ya gaji, mai yana sulalewa baya. Ɗantsoho ya miƙa masa sabo cikin leda, ya ce ya tsaya rabin awa a ɗaura.

Ina Sada ya ga rabin awa, ana kiransa lodi? Sai ya yi dabarar tsofaffin direbobi: ya zaro sifirin ɗin, ya ja shi da yatsu ya ƙara tsawo, ya mayar. Mota ta tashi garau. Sau biyu yana maimaita haka, har yana yi wa Ɗantsoho dariya a tasha, wai bakanike ba ya ganin ƙarfe sai ya ce ya mutu. Sabon kuwa ya jefa shi cikin akwatin gaban mota, tare da goro da tsofaffin takardu.

Suka sauka, ya ɗaga kan motar. Ya danna famfon hannu da ake tura mai da shi, ya ji shi laɓo-laɓo, babu tauri ko kaɗan.

Daga saman bodi, Ya'u, magidancin da ke bin shanun da sanda yana ta da duk wadda ta durƙusa, ya ƙwala kira. "Baba Hamma! Farin sa fa yana son kwanciya!"

Fuskar dattijon ta sauya. Sauran shanun na jama'a ne da suka damƙa masa ya kai kudu, amma farin san nan nasa ne na kansa. Shekara biyu matarsa Zubaida tana turke da shi a tsakar gida, tana ba shi dusa da kanwa da harawa, ba ta yarda kowa ya ba shi ruwa sai ita. Ƙibar da ta sa ake nuna shi a kara jiya, ita ce yau ta hana shi jure zafi.

"A sauke su mana," in ji Ya'u.

"Ta ina? Ka ga tudun saukewa a nan?" Baba Hamma ya daka masa tsawa, ya kama tsani ya hau.

Sada ya sa sifana ya kwance bawul ɗin. Ƙarfen ya ƙona masa yatsu, bai ma kula ba. Ya zazzage shi a tafin hannu, sifirin ya faɗo gida biyu. Yau babu abin ja.

Da gudu ya zagaya, ya tone akwatin gaba, ya ciro ledar. Ƙura ta rufe ta, goro ya yi mata jan tabo. Ya yage ta da haƙori. A ciki akwai bawul da washa biyu na jan ƙarfe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, su ne ke hana mai yoyo. Gumi na shiga idonsa. Yana ƙoƙarin zura na biyun, sai ya suɓuce, ya bugi jikin injin, ya faɗa cikin rairayi.

"Innalillahi," ya ce a hankali.

Ya durƙusa yana tankaɗe yashi da yatsu. Sama da kansa kofatai na dukan ƙarfe, fitsarin shanu na tsiyayowa ta ramukan bodi yana sauka a bayan rigarsa. Ya ji Ya'u na cewa, "Ya kwanta! Kama wutsiyar, Baba, suna taka shi!"

Bai ga washan ba. Ya rarumo tsohon washan, wanda ya daskare ya yi tauri, ya tuna yadda Ɗantsoho ke yi. Ya riƙe shi da filaya, ya tara busasshen karmami ya kunna, ya gasa shi har ya yi ja, ya tsoma a ruwan buta don ya yi laushi ya kama. Aikin bai fi minti uku ba, amma tsoro ya sa ya ga kamar wuni.

"Direba!" Muryar Baba Hamma ta dishe. "Saura nawa? Gaya mini gaskiya, numfashinsa na yankewa. Ba zan bari ya zama mushe ba."

"Minti biyar, Baba! Don Allah a ba ni minti biyar!"

Ya ɗaura, ya ɗaure. Ya shiga danna famfon hannu. Goma, ashirin, talatin. A na arba'in ya ji ya fara tauri, sai bawul ɗin ya yi wata 'yar ƙara siririya, alamar mai ya cika ya yi ƙarfi. Ya sauke kan motar, ya faɗa ciki ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya ƙi. Ya sake, batir ya fara jan ƙafa. Ya ce bismillah ya murɗa na uku, motar ta kama da wani irin ruri, salansa ta tofar da baƙin hayaƙi.

"Ta tashi! Baba, ta tashi!" Ya diro yana ihu kamar wanda aka yi wa bushara.

Abin da ke ɗiga ta ramukan bodi yanzu ja ne.

Baba Hamma ya sauko a hankali, wuƙa a hannunsa, hannun rigarsa jiƙe da jini. Ya ɗauki butar ya wanke wuƙar. Sai idonsa ya sauka kan yagaggiyar ledar da ke ƙasa. Ya ɗauka, ya juya ta, ya shafa ƙurar da tabon goron da babban yatsa.

"Wannan ba yau aka saye shi ba," ya ce. "Tun yaushe yake cikin motarka?"

Sada zai iya cewa jiya. Ya buɗe baki zai faɗa, ya kasa. Kunya ta rufe shi har ya ji ya tsani hannuwansa.

"Sati uku, Baba."

Dattijon bai zage shi ba, kuma Sada ya so a ce zagin ya yi.

"Ja mu je, saura talatin da ɗaya," in ji Baba Hamma. "In mun dawo, kai za ka raka ni gida ka gaya wa Zubaida."

Bai koma kujerar gaba ba. Ya kama tsani ya hau bodi wurin Ya'u, ya bar Sada shi kaɗai da injin da ke aiki lafiya lau.