Hannun Hagu na Rigar Baba

Ummanmu ba ta taɓa saƙa abu da niyyar ya daɗe ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi da ita tun ina ƙarama, kuma har yau bai daina ba. Sai ta shafe makonni a kujerarta ta bakin taga, tsinkayen saƙa na ƙas-ƙas a hannunta, ta fitar maka da rigar sanyi kamar daga kanti. Ka saka ta sanyi ɗaya ko biyu, ka saba da ita, ka san inda take ƙaiƙayi da inda ba ta yi, sai wata safiya ka tarar ta koma dunƙulen zare a cikin kwando. Idan ka yi magana ta ce ai ta yi maka kaɗan. Idan ba ta yi kaɗan ba, ta ce gwiwar hannun ta cinye. Umma dai ba ta rasa hujja.

Shi ya sa a gidanmu kowane zare yana da tarihinsa. Akwai wani jan ulu da ya fara rayuwa a matsayin hular Yaya, ya dawo safata, daga nan ya zama ado a wuyan rigar Auta, ya ƙare a marfin butar shayi. Lokacin da yake safata, Yaya kan ce in riƙa takawa a hankali, kansa nake takawa.

Ni ce mai riƙon zare. Ta zaunar da ni a gabanta, ta ce in miƙo hannu, tana warwarewa tana naɗawa a wuyan hannuwana har kafaɗuna su yi tsami. Zaren da aka warware a murɗe yake fitowa, yana riƙe da lanƙwasar tsohuwar rigar. Sai ta jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu, ta rataye a igiyar shanya, ta ɗaura masa ludayi a ƙasa don ya miƙe. Cewa take sai an mantar da zare abin da ya taɓa zama kafin ya yarda ya zama wani abu.

Ba ta awo da tef. Juya ka take yi, ta ɗaka maka duka a baya ta ce tsaya daidai, ta auna ka da taƙin hannunta, shi ke nan ta haddace ka. Kuma ba ta yafe wa kuskure. Na sha ganin ta kusa gama riga, ta hango wani ɗan idon saƙa ɗaya da ya karkace can ƙasa, wanda ko da fitila ba za ka gan shi ba, ta zare tsinke ta warware aikin sati guda ko a jikinta. Mu da ke jiran rigar mu ne masu hawaye.

Zare ɗaya ne bai taɓa yawo a gidan ba: ruwan ƙasan nan na Baba. Baba direban bas ne, kuma tun gari bai gama wayewa ba yake fita. Halinsa ne ya ɗora gwiwar hannunsa na hagu a tagar mota, ko da sanyi na tsaga ƙashi, wai in ya rufe gilashi barci yake ji. Umma ta yi faɗan har ta gaji. Da ta ga mai hali ba ya fasa halinsa, sai ta ƙara wa hannun hagu na rigarsa tsawo, yadda zai ja shi ya rufe yatsunsa. Duk bayan 'yan shekaru takan warware rigar ta sake saƙa masa ita da zaren nan dai, tana cike gurbin da ya lalace, kuma kullum hagu ya fi dama. Abokan aikinsa a tasha sun yi masa dariya har suka gaji, suna cewa matarsa ta auna shi a karkace. Shi kuwa cewa yake shi kaɗai ne direban da rigarsa ta fi motarsa shan gyara.

Da Allah ya yi masa rasuwa, rigar ta zauna a ƙusar bayan ƙofar ɗakin Umma, inda ya rataye ta da kansa. Kafaɗunta sun sauka irin saukar nasa. A gwiwar hagu akwai wani ƙullutu da taga ta yi mata, bakin hannun kuma ya yi baƙi-baƙi. Duk sati nakan kai wa Umma ziyara da ɗana, kuma da zarar ta shiga kicin sai in lallaɓa bayan ƙofa in cusa fuskata a ƙirjin rigar. Warin man dizal ne da sabulun wanki da shi kansa Baba. Takalmansa an bayar, agogonsa na hannun Yaya, motar ma ba tasa ba ce balle. Wannan rigar ce kaɗai ta rage da siffarsa a jikinta. Na kuma san uwar da ta haife ni, don haka ban yi nauyin baki ba. Na ce mata ta warware duk abin da ta ga dama a gidan nan, har labule in tana so, amma ban da wannan. Ta ce ta ji. Wanda ya san Umma ya san akwai tafiya mai nisa tsakanin ta ji da ta yarda.

Shekarar da ɗana zai shiga makaranta, sanyi na ƙaratowa, na ga ta kira shi ta juya shi ta fara auna bayansa da taƙi. Nan take na tuna da rigar bayan ƙofa. Washegari na shiga kasuwa na zaɓo mata shuɗin ulu mai laushi, sabo dal, na kai mata har gida. Ta matsa shi a hannu, ta shinshina, ta ce wannan ai roba ce, ta ɗora shi a kan kabad. Na bi bayan ƙofa da kallo na ga rigar na nan, na tafi.

Satin da ya biyo baya, ƙusar ce kawai a bayan ƙofa.

Na sami Umma a kujerar bakin taga da rigar a cinyarta. Wuyan ya riga ya tafi.

"Umma, me kike yi haka?"

"Asu ya fara cin ta daga ƙasa," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Rigar da ba a sawa, asu ke sawa. Miƙo hannu."

Ranar na yi magana kamar na ari baki. Na ce ba ta da sabo. Na ce duk abin da muka so a gidan nan sai ta warware shi. Na ce ga sabon zare can yana shan ƙura a kan kabad, amma ita sai na ubana. Na ce in asu ne ai akwai magani, in kuma ganin rigar ne ba ta son yi, ai da ta ba ni na tafi da ita. Ta bar ni na zazzage tas, yatsunta na riƙe da bakin zaren.

"Kin gama? To miƙo hannu."

Wallahi na miƙa. Ni da girmana, da ɗana yana wasa a tsakar gida, na zauna a ƙasa na miƙa mata hannuwa kamar 'yar firamare. Tana ja, zaren na tsalle layi bayan layi, yana zuwa yana naɗe wuyan hannuna. Ina kallo kafaɗun suka tafi, ƙirjin ya bi su. Ƙullutun gwiwar nan da taga ta yi shekaru tana yi, kafin in haɗiye yawu ya ɓace. Warin dizal ya cika ɗakin. Ji na yi kamar an sake yi mini rasuwa, kuma a safiyar nan na ji haushin uwata irin wanda ban taɓa ji ba. Ita kuwa bakinta ne kawai ke motsi, ban sani ba ko ƙirga take ko addu'a. Da muka gama ta zare zaren daga hannuna, na ja ɗana muka fita, ko shayin da ta dafa ban kalla ba.

Na ɗauke ƙafa. Sati ya zo ya wuce ban je ba, wani ya sake zuwa. Yaya ya kira ni a waya wai zai yi sulhu, ya ƙare da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan a nono na sha shi. Na kashe wayata. Ita ma ba ta neme ni ba, sai da sanyi ya sauka sosai ta aiko Auta da saƙo, ba gaisuwa ba komai, wai a kawo yaro a gwada masa.

Na je a murtuke. Ta fito da rigar daga kwando, 'yar ƙarama, ruwan ƙasa. Abin da na fara lura da shi, saƙar ba ta kwanta lumui irin tata ba, duk ta yi gurzu-gurzu. Da ta zura wa yaron ita ta ka, warin ya bugo ni. Ashe ba ta jiƙa zaren ba, ba ta rataye shi da ludayi ba, a murɗensa ta saƙa shi. Matar da ta rene mu da cewa sai an mantar da zare. Na kalle ta, ta ƙi kallona, tana ta gyara wa jikanta wuya tana tsokanarsa wai kansa ya fi na kakansa girma.

Ta jawo hannun dama, ya tsaya cif a wuyan hannunsa. Ta jawo na hagu, sai ya wuce, ya haɗiye yatsun gaba ɗaya har da saura yana reto.

Ta ɗaka masa duka a baya ta ce ya tsaya daidai. Ya tsaya ƙiƙam kamar soja. Ta kama hannuwan biyu ta haɗa su a gabansa, ta auna da taƙi, ta sake aunawa. Daga nan ta juya tafin hannunta tana kallo.

"Ban san na yi ba," ta ce a hankali. "Ina ta saƙa, hannuna ya ƙi tsayawa inda ya kamata."

Tun da nake ban taɓa jin Umma ta amsa kuskure da baki ba, warwarewa kawai take yi. Yanzun ma tsinke ta lalubo a kwando, ta kamo bakin hannun tana neman inda ta ɓoye ƙarshen zaren. Na riƙe hannunta. Ya yi sanyi, ya kuma yi ƙanƙanta fiye da yadda na san shi.

"Ki bar shi, Umma."

"Kuskure ne. Dariya za a yi masa a makaranta."

"Baba ma an yi masa, bai cire ba."

Yaron bai san abin da ake ciki ba. Ya dunƙule hannunsa a cikin ragowar hannun rigar yana hura masa iska, ya ce shi dai kada a taɓa masa, wannan ɓangaren ya fi ɗumi. Umma ta daɗe tana kallonsa. Ta naɗe masa bakin hannun sau biyu, ya warware abinsa nan take. Ta sake naɗewa, ya sake warwarewa.

"To in ta yi masa kaɗan fa?" ta tambaye ni. "Yara ba sa jira."

"Sai ki warware. Ni zan riƙe miki zaren."

Ta mayar da tsinken kwando. Ta ɗauki ɗan dunƙulen da ya rage, wanda bai fi ƙwai ba, ta danna a idonta ɗaya, ta danna a ɗayan, ta ce ƙurar ulu ce, tsohon zare haka yake. Sannan ta ce in tashi in ɗora ruwan shayi, na bar mata na wancan karon ya huce a banza.