Mufattish na Rijiyar Lami

Rijiyar Lami ƙauye ne mai gida ashirin da uku, can kudu da unguwar Ƙurban ta Madina, inda kwalta take ƙarewa baƙaƙen duwatsu su karɓa. Lami wata mata ce da ta taso da ƙafa daga ƙasar Katagum tun zamanin kakanni. Ta yi shekara bakwai a hanya, ta binne miji a Sudan, ta sauke farali, ta iso Madina, sannan ta ce ita kam ƙafarta ta gama aiki. Wani mai gonar dabino ya ba ta fili mai rijiya wanda ko akuya ba ta sha'awar hawa. Ta soka sandar da ta dogaro da ita tun daga Ɗa'ifa don ta riƙa shanya zane, sai sandar ta yi toho. Ashe reshen inabi ce.

Daga wannan sanda duk inabin ƙauyen ya fito, kuma duk ya gaji halinta. Wanda ya ci ƙwaya ɗaya sai ya yini fuska a tamuƙe. Tsuntsaye ma kewaye ƙauyen suke yi. Da mutane suka ga ba ya ciyuwa, sai suka koma yin khal da shi, wato ruwan tsamin nan da ake zubawa a salak da ful, dafaffen waken Larabawa. Kafin wani lokaci masu dafa abinci a unguwannin Madina, daga Jurf har Harra ta Yamma, ba sa son kowane khal sai na Rijiyar Lami.

Sai dai akwai matsala. Ruwan inabi ba ya zama khal kai tsaye, sai ya fara zama abin da ba a son ambatar sunansa a garin Manzo. Tsofaffi sun taɓa jin wani malami ya ce in giya ta juye da kanta, ba da sa hannun kowa ba, ta halatta. Suka ɗauki maganar yadda suka fahimta. Kowace shekara sai a matse inabi, a zuba a randuna, a kulle ɗakin, a manta. Mantuwa ta gaske, har wata uku. Ko baƙo ya nuna ɗakin ya ce na mene ne, sai a dubi inda ya nuna a ce, "Wane ɗaki?"

Mabuɗin yana wuyan Hajja Ƙaltume, jikanyar jikar Lami, mace mai shekara sittin da 'yan kai, gajeriya, mai saurin tafiya. Idan wata uku ya cika, sai ta zo wucewa ta ƙofar da hantsi, ta tsaya turus, ta dafa ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Jama'a, wannan ƙofa ta ina ce?"

Sai kowa ya fito ana al'ajabi. A buɗe, a ga randuna, a yi ta salati.

Amma wa zai ɗanɗana? In abin bai gama juyewa ba, mai ɗanɗanawa ya sha haram ke nan. Shi ya sa tun zamanin Lami ake ajiye bunsuru guda don wannan aiki, kuma kowane bunsuru sunansa Mufattish, wato jami'in bincike. In ya sa baki a randa ya yi atishawa ya ja da baya, khal ya nuna. In kuwa ya dage yana kaɗa wutsiya, sai a janye shi, a kulle ƙofa, a ƙara manta mako biyu.

Mufattish na wancan lokaci ja ne, mai dogon gemu, Ƙaltume ce ta raine shi tun yana shan madara a kwalba. Shekara shida yana aiki bai taɓa kuskure ba.

A shekarar 1998 ne Sharfuddeen, ɗan ƙanen Ƙaltume, ya gama karatu ya samu aikin koyarwa a Jurf. Mutum ne mai kirki, farar rigarsa ba ta taɓa yin datti, kuma tun yana yaro ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Yana jin Hausa sarai, amma rabin amsarsa da Larabci take fita. Wata Juma'a bayan la'asar, dattawa na zaune a inuwar inabi, ya gaishe su ya ce yana da magana.

"Ya jama'a, na duba littattafai. Shayar da dabba abin maye la yajuz, bai halatta ba. Kuma mantuwar nan da ake yi da gangan, wallahi dabara ce kawai."

Umda Hamid, mai unguwar ƙauyen, yana da amsoshi cike da baki. Ya gyara zama, ya buɗe baki, sai ya tuna cewa ana tsakiyar watannin mantuwa. In ya kare randunan, ya amsa cewa ya san da su ke nan, khal ɗin bana kuma ya haramta.

"Wace mantuwa, ɗana?" ya ce da ƙyar.

"Ta randunan da ke ɗakin can, ya Baffa."

"Wane ɗaki?"

Sharfuddeen ya bi fuskokinsu da kallo, kowa ya sunkuyar da kai.

"To, tunda babu mai ja, khalas, magana ta ƙare. A ɗaure bunsurun."

Haka ya ci muhawarar ba tare da kowa ya ja da shi ba. Umda Hamid ya koma gida ya kwanta da ciwon kai.

Wata uku ya cika. Ƙaltume ta zo wucewa ta ƙofar, ta rage sauri, ta wuce ba ta ga komai ba, don in ta gani babu mai ɗanɗanawa. Wata na huɗu ya shiga. Masu gidajen abinci suna ta aiko direbobi, ana ce musu ba a san abin da suke magana a kai ba. Abin ya dami Ƙaltume har ta rame. Tana son ɗan ƙanenta, tana kuma tsoron kada a ce a hannunta sana'ar Lami ta mutu. Shi kuwa Mufattish ya san lissafin wata fiye da kowa. Ya daina cin ciyawa, ya kafa wa ƙofar ido yana kuka kamar wanda aka kora daga aiki ba laifi.

Wata Talata da safe, mata sun tafi suna a Ƙurban, maza suna gona, ya tauna igiyarsa. Ƙofar ta itacen dabino ce da ta tsufa, karo uku ya yi mata. Ya bi randuna talatin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya masa. Ashirin da shida ya yi musu atishawa. Huɗu kuwa ya tsaya a kansu, kuma babu mai janye shi.

Da azahar aka gan shi a tsakiyar babban titi, ƙafafu a warwatse, yana tare motoci. Wata motar 'yan sanda ta tsaya. Ya hango wani jan bunsuru a jikin ƙofarta mai sheƙi yana harararsa, ya ja da baya ya kai masa karo. Aka tattara shi aka tafi da shi.

Sharfuddeen ne ya kai Ƙaltume ofishin a motarsa ta ɗaukar kaya. Duk hanya carbi kawai take ja. Hankalinta a tashe yake, don in aka ce an kama giya a gidan jikokin Lami, a Madina, gara ƙasa ta tsage ta shige.

Ta tarar da wani hafsa mai furfura a bayan tebur, ana ta share-share don ranar suna jiran babban jami'in bincike daga sama. Ta yi sallama da Larabcinta na kasuwa.

"Na zo in tafi da Mufattish."

Hafsan ya miƙe tsaye, ya gyara hula. "Ya iso ne? Ina yake?"

"Ai yana wurinku tun azahar. An ce kun ɗaure shi a bayan gida."

"Mun ɗaure shi?"

"Mai jan gemu. Yana ɗan wari, amma ba laifinsa ba ne, haka Allah ya yi shi. Ni na raine shi."

Hafsan ya koma ya zauna a hankali, ya nemi ruwa. Sai da Sharfuddeen ya yi bayani sau biyu sannan jininsa ya sauka. Daga nan ya jawo takarda, fuska a ɗaure.

"Ya Hajja, dabbar nan ba a hayyacinta take ba. Ta lotsa mana mota, ta cinye rabin rahoton da aka rubuta a kanta. Me ta sha?"

"Na manta," in ji Ƙaltume. Shekara arba'in tana faɗin kalmar nan, amma ba ta taɓa faɗinta a gaban hukuma ba.

Hafsan ya juya ga Sharfuddeen. "Kai ustazu ne, na ga alama. Me ya sha?"

Ƙaltume ta runtse ido. Zufa ta keto wa Sharfuddeen. Ya dubi goggonsa, ya dubi silin.

"Ya shiga ɗakin da ba a ba shi izini ba," ya ce. "Ya sa baki a abin da ya lalace, wanda ba a riga an zubar ba."

"A'a, to ai shi ke nan!" Hafsan ya saki fuska. "Raƙumin mahaifina ya taɓa cin ruɓaɓɓen dabino, kwana biyu yana bin limami. Ku riƙa zubar da shara, ya jama'a."

Ya rubuta takardar alkawari cewa bunsurun ba zai sake ba. Ƙaltume ta dangwala yatsa. A gurbin bayanin mai laifi ya rubuta cewa an tambaye shi ya ƙi magana.

A hanyar komawa Mufattish ya ƙi zama a baya, sai da aka sa shi a gaba tsakaninsu. Daidai kwanar Ƙurban ya kwantar da kai a cinyar Sharfuddeen ya amayar da duk abin da ya sha a kan farar rigar.

"Sannu, Malam," in ji Ƙaltume, tana miƙa masa gefen mayafinta. "Ka yi ƙoƙari yau."

"Ya Goggo, ban yi ƙarya ba."

"Na ji. Ka dai bi ta gefenta har kana gogar kafaɗa."

Randuna huɗun nan aka kwarara a kan duwatsu, ashirin da shida aka sayar. Da kakar inabi ta zagayo, Sharfuddeen ya zo da shawarar da ya ce ya samo a littafi: a zuba tsohon khal a cikin ruwan tun ranar da aka matse, tsami ya riga maye kama wuri. Ƙaltume ta gwada, ya yi. Daga shekarar aka daina kulle ɗaki, aka daina mantuwa.

Abin da ba wanda ya zata shi ne, da mutanen Rijiyar Lami suka rasa abin mantawa, sai suka fara tuna abubuwa. Umda Hamid ya tuna surukinsa ya taɓa kiransa mai kan kabewa a wajen wani biki shekara ashirin da huɗu da suka wuce, ya daina gaishe shi. Sa'adiya da Halimatu, maƙwabta tun ƙuruciya, suka tuna wadda ta fara cewa miyar wata ba gishiri. Ƙaltume ta koma yawon sulhu gida gida, tana cewa aikin randuna ya fi wannan sauƙi.

Mufattish ya yi shekara huɗu yana zaman ritaya a ƙofar gidanta, ba ya kula kowa sai Sharfuddeen, wanda yake bi har bakin mota kullum da safe. Da tsufa ya kama shi sosai, aka yi shawarar a yanka shi kafin ya mutu. Aka tara dattawa, aka kasa samun wanda zai ci naman. Wasu suka ce tarihinsa ba shi da kyau, wasu suka ce ai ma'aikaci ne, ba a cin ma'aikaci. Ana cikin gardamar ya miƙe ƙafa ya cika. Sharfuddeen ne ya naɗe hannun riga ya haƙa masa rami a bayan gona, Ƙaltume na tsaye tana nuna masa inda ƙasa ta fi laushi.