Shaidar Mutum Na Huɗu

Shekara ashirin da ɗaya Penisimani yana tuƙa bas a birnin Brisbane bai taɓa mance tasha ba. Amma ranar da 'yarsa Lesieli ta bayyana masa abin da take rubutawa a jami'a, sai da ya wuce tasha biyu, fasinja suna ta danna ƙararrawa.

Digiri na uku take yi. Peni, kamar yadda kowa ke kiransa, a aji uku na sakandare ya tsaya, don haka abin da ya gane game da karatun kaɗan ne. Ana karanta littafi, a kalli fim ɗin da aka yi daga littafin, sannan a zauna shekara uku a rubuta wani littafin a kan yadda biyun suka saɓa. Ya kuma gane abu ɗaya da ya hana shi sakewa: a ƙarshen shekarar farko ana tsayar da ɗalibi gaban kwamiti ya faɗi inda ya dosa. In kwamiti ya gamsu, ya ci gaba. In bai gamsu ba, ya tattara kayansa. Ranar Lesieli saura sati uku.

A kan kakanta Lolohea take rubutun, wato mahaifin Peni. A tsibirinsu na Ha'apai, can ƙasar Tonga, jirgin ruwa ne yake kawo fim sau ɗaya a wata, a haska shi a jikin farin zane a ɗakin taron coci. Fina-finan da Turanci suke, shi ya sa Lolohea yake tsayawa a gefen zanen yana faɗa wa jama'a abin da ke faruwa. Turancinsa bai wuce gaisuwa da tambayar farashi ba, amma Allah ya yi masa baki. A 1982 wani malamin makaranta ya ɗauki muryarsa a kaset, kaset ɗin ya yi ta yawo a akwatunan dangi har ya faɗo hannun Lesieli.

Fim ɗin da aka haska a daren da aka ɗauki muryar, daga wani tsohon littafin Turawa aka ciro shi, labarin wani mai garken tumaki da ya sha wahalar neman aure, a ƙarshe ya faɗo daga doki ya mutu. A kaset kuwa, mutuwar ce ta fara zuwa. Aka yi kuka, aka binne shi, sai ga shi ya sake fitowa da ransa, yaro ɗanye, yana fito da baki a bayan tumaki. Ana jin ɗaki ya kaure da hayaniya, sannan muryar Lolohea ta fito a natse: "To, tunda mun binne shi, yanzu bari mu ga wa muka binne."

"Ka ji ko, Baba?" in ji Lesieli a teburin karin kumallo. "Littafin daga haihuwa ya fara, fim ɗin ma haka. Kaka ne ya juya shi. Ya sa aka fara da faifan ƙarshe, kamar waƙar makokinmu, da ake farawa da gawa sannan a koma rayuwa. Mutumin da bai taɓa karanta littafin ba ya gyara wa marubucin aikinsa. Wannan shi ne ƙashin bayan kundina gaba ɗaya."

"Gaba ɗaya?" in ji Peni.

"Babi biyar a kansa suke tsaye."

Matarsa Luseane ta ajiye tukunyar shayi. "Ai tsohon nan daban ne. Kai da kake juya masa majigi kana kusa da shi, ko rabin kansa ba ka ɗauko ba."

Peni ya cika bakinsa da burodi don kada a jira amsa.

Shi ne yake juya majigin a daren, yana ɗan shekara ashirin. Faifai uku ne na naɗaɗɗen fim suka zo cikin gwangwanaye uku, ruwan teku ya jiƙa takardun da aka manna musu, lambobin suka goge. Ƙa'ida ita ce ka warware kan faifan ka ɗaga shi ga haske ka duba. Peni bai duba ba, domin a lokacin Luseane tana bakin ƙofa tana sayar da soyayyen rogo, idonsa yana can. Ya ɗauki gwangwanin da ya fi kusa da hannunsa. Washegari a gonar gwaza mahaifinsa ya ce masa, "In ka ƙara kashe mini mutum ba ka sanar da ni ba, kai za mu binne." Maganar ba ta sake tashi a tsakaninsu ba. Jama'a suka yi ta yabon basirar tsoho, tsoho bai ƙi yabo ba, Peni kuwa ba wanda ya tambaye shi.

Kwana huɗu yana jujjuya abin a kan sitiyari. In ya faɗa, babi biyar sun rushe ana saura sati uku. In ya yi shiru, yarinyar za ta tsaya gaban manyan malamai a kan abin da babu shi, kuma a tunaninsa malaman nan ba abin da ke ɓoye musu. Ya riƙa hango wani farfesa yana ɗaga faifan ga haske.

Lesieli ce ta kawo masa mafita ba ta sani ba. Ranar Asabar da rana ta zo da rakoda da takarda mai shafi shida. Jami'a ba ta yarda ɗalibi ya yi hira da kowa ba sai an sa hannu, ko da ubansa ne.

"Me ta ce?" in ji Peni, yana neman tabarau.

"Ta ce ba dole na yi maka ba. Kana iya tashi duk lokacin da ka so. In hirar ta tayar maka da hankali akwai lambar waya da za ka kira."

"Wa zan kira?"

"Mai ba da shawara, Baba. Sannan ba za a ambaci sunanka ba ko'ina. A kundin kai ne Mai Bayani Na Huɗu."

Peni ya ɗago. "Ko uwarki ba za ki gaya wa ba?"

"Doka ta hana. In na kunna wannan, ni ba 'yarka ba ce, mai bincike ce."

Ya karanta shafi shidan nan kaf, yana bin layi da yatsa, ya sa hannu. Ta kunna rakoda. Ya yi gyaran murya, ya dubi firiji, ya ba firijin labari tun daga ruwan teku har soyayyen rogo har gonar gwaza. Bai ɗauki minti goma ba.

Lesieli ta dubi 'yar jar fitilar rakoda, tana ci.

"Mai Bayani Na Huɗu," ta ce, "akwai dalilin da ya sa ba ka faɗi wannan ba a watan Maris na bara, lokacin da na fara aikin nan?"

"Ba a kawo takarda ba."

Ta kashe rakoda. "Baba, ka kashe ni."

"Kin ce ba 'yata ba ce."

"Na kashe rakodar."

Ta shige ɗaki. Sati biyu da 'yan kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa su. Yana jin ƙarar madannai ta bayan ƙofa, yana ganin takardu yagaggu a kwandon shara, kowace yana ji kamar shi ya yaga. Sau biyu ya ɗauko shafi na shida ya dubi lambar mai ba da shawara. Luseane ta ce karatu ne ya sa yarinyar ramewa, ta ƙara yawan ruwan kwakwa a miya.

Ranar taron, an tanadi kujera talatin a wani ɗaki a bene na huɗu. Malamai da ɗalibai tara ne. Sauran kujerun mutanen cocinsu Peni suka cika, domin Luseane ta sanar ranar Lahadi. Sun zo da tabarmi ɗaure a ƙugu, adon mutanen Tonga, kamar za a ga sarki, da tiren gwaza da naman gwangwani dafaffe cikin ganye, wanda aka jera a kan teburin da jami'a ta ajiye biskit goma sha biyu. Shugaban kwamitin wani dogon mutum ne mai farin gashi, Farfesa Tredgold, wanda aka ce ya rubuta littafi uku a kan fina-finan da aka ciro daga littattafai.

Lesieli ta kunna kaset. Tsofaffin mata suka share ido da jin muryar Lolohea. Sannan ta ce da tana ganin tsohon da gangan ya juya faifan, amma ta sami sabuwar shaida. Yanzu abin da take son bincika shi ne yadda mai fasaha yake karɓar kuskuren da ya faɗo masa a gaban jama'a ya mayar da shi labari kafin ya ja numfashi na biyu.

"Shaidar daga wani mutum ce da zan sakaya sunansa," in ji ta. "Mai Bayani Na Huɗu. Abin da kawai zan faɗa shi ne, shi yake juya majigi a tsibirin a shekarar."

Kawuna ashirin suka juyo wajen Peni a tare. Tsibirin mutum ɗari uku ne, majiginsa ɗaya. Malaman da ke layin gaba ba su ga komai ba, suna rubutu. Da Lesieli ta zo kan maganar mai soyayyen rogo, wadda ita ma aka sakaya sunanta, kawunan suka koma kan Luseane. Wata tsohuwa ta rufe fuska da mafici, kafaɗunta suna rawa.

Aka zo tambayoyi. Farfesa Tredgold ya cire tabarau ya ce aikin ya burge shi ƙwarai, musamman yadda yake a farko.

"Ina jin tsoron kin yi saurin sallama wa wannan Na Huɗun," ya ce. "Mun saba ganin irinsa. Mutum ya rayu a inuwar babban mai fasaha, shekaru su ja, sai ya tuno cewa ashe shi ne ya yi komai. Ga ruwan teku, ga budurwa a bakin ƙofa. Labarin ya cika daɗi. Ni kunnena yana gaya mini tsohon nan ya san abin da yake yi tun daga faifan farko. Wanda aka shammata ba ya magana da wannan natsuwa."

Sauran malaman suka gyaɗa kai. Lesieli ta ce ta yarda da shaidar. Farfesa ya yi murmushi irin na manya, ya ce za su tattauna bayan an ɗan taɓa abinci.

Peni ya ɗauki faranti. Ga yarinya ta rushe gininta saboda gaskiyarsa, ga kwamiti ya fi son ginin da aka rushe. Yana tsaye da faranti a hannu bai ci ba, sai ga Farfesa da gwaza a cokali.

"Kai ne mahaifinta? Ka yi sa'ar 'ya. Ashe ɗan tsibirin ne kai ma. Ba zan tambaye ka suna ba, doka ta hana, amma ka san mai majigin nan?"

"Na san shi, ranka ya daɗe."

"Mutum ne da za a riƙe maganarsa?"

Peni ya hango Lesieli ta bayan kafaɗar Farfesa, ta tsaya da kofi a hannu tana kallonsa. Ya ga in ya ce maƙaryaci ne, Farfesa zai ji daɗi, amma ya mayar da 'yarsa wawuya. In ya ce mai gaskiya ne, ya ƙaryata shugaban kwamiti da abinci a bakinsa.

"Mutum ne mai shirme," ya ce a hankali. "In ka ba shi abu uku ya jera sai ya rikita. Amma ƙarya kam bai iya ba."

"Mai rikita abubuwa," in ji Farfesa, fuskarsa ta washe. "Haka na zata." Ya ciro ɗan littafi ya rubuta, ya ƙara gwaza, ya tafi.

Minti ashirin kwamiti ya yi a ciki. Lesieli ta wuce, ba tare da ko mutum ɗaya ya ja ba. Suka yaba da gaskiyarta, suka ba ta shawara ta mayar da babi biyar ɗinta yadda suke, ta sauko da Na Huɗu ƙasan shafi cikin ƙananan haruffa, tare da bayanin cewa wani dattijo daga tsibirin ya tabbatar mutumin ba ya riƙe abu daidai.

A mota Peni yana tuƙi, yana ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Lesieli tana baya da tire-tiren da aka cinye abincinsu.

"Za ki mayar da babin?" ya tambaya.

"A'a. Shawara ce, ba umarni ba. Ina da shekara biyu in shawo kansa." Ta leƙo ta tsakanin kujeru. "Amma yanzu sai na nemo wanda zai ƙaryata dattijon da ya ƙaryata Na Huɗu."

Luseane ta gyara zaman tabarmarta.

"Kawo mini takardar in sa hannu," ta ce. "Ni na gan shi lokacin da ya ɗauki gwangwanin. Ko kallon hannunsa bai yi ba."