Hular Masta

Malam Gwadabe na cikin bayanin yadda yake tsayar da jirgin gyaɗa da hannu ɗaya, sai Nata'ala, malamin firamaren da ke rubuta tarihin tashar jirgin ƙasa, ya ce yau da baƙo ya zo.

Shekara goma ke nan Gwadabe yana zaune a Bagama, inda ko guntun dogo babu, yana amsa sunan Masta, wato shugaban tasha. Hujjarsa baƙar hula ce mai tambarin reluwe. Tashar kuwa tana can wani ƙauye a hanyar Baro. An rufe ta gab da yaƙin basasa, awaki suka gaje ofishin, su kuma ba su taɓa ƙaryata kowa ba.

"Na samo wanda ya yi aiki a can," in ji Nata'ala. "Kayan mota yake sayarwa a kasuwa. Shigo, Mista Onwuka."

Gwadabe bai san sa'ad da ya miƙe ba, hannuwa a baya. Wannan mutumin ne Mastan gaske, shi ya bar hular a ƙusa ranar da ya gudu da iyalinsa. Gwadabe ya ɗauka ne don ya ajiye masa. Ajiyar ce ta yi tsawo.

Onwuka ya dubi hular, ya dubi mai hular.

"Wane aiki ka yi a ƙarƙashin Masta?" Nata'ala ya tambaye shi.

"Ni?" in ji Onwuka. "Fitila nake gogewa."

"Madalla. Yaya ake yi? Har ƙananan ma'aikata nake so su shiga littafin."

"To, ka wanke gilashi da sabulu, ka cika kananzir har baki."

Shekara goma sha takwas Gwadabe ya yi yana goge fitilun nan. Ƙaryarsa bai taɓa jin ɗacinta ba, amma wannan ta ƙi haɗiyuwa.

"Har baki? Ai sai ta turnuƙe, direba ya kasa ganin ja! Yatsa biyu ake bari. Gilashi kuma toka ce da busasshen tsumma, a datse lagwani kowace la'asar. Sau nawa ka yi mini faɗa a kan wannan, ranka ya daɗe?"

Alƙalamin Nata'ala ya tsaya.

Gwadabe ya cire hular, ya share ta da hannun riga, ya miƙa da hannu biyu. Onwuka ya gwada, ta zurmo masa har kunne.

"Ka buɗa ta, Gwadabe."

"Na buɗa ta, ranka ya daɗe." Bai ɗago kai ba. "Malam, juya sabon shafi. Daga lagwani za mu fara."