Jirgin da Ya Zo Mako Ɗaya da Nomau

Na daɗe ina dillanci a Haraj, kasuwar tsofaffin kaya ta kudancin Jidda, kuma aikina guda ne, rage wa kaya shekaru. Firjin da ya ga bikin uwa ya ga na 'yarta, in ya biyo ta hannuna sai ya zama bara aka saye shi, uwargida ce ba ta son launin. Ban taɓa haɗuwa da mai son a ƙara wa kayansa shekaru ba sai Hamad.

Hamad autan wani attajiri ne, marigayi, mai gidan hutu a bakin ruwa can Abhur. A 2009 ya dawo daga karatu a waje da tabarau da sabon tsari. Tsarin kuwa shi ne duk ma'aikacin gidansu da ya haura sittin ba za a sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba, sai dai a buga masa fita ta ƙarshe, ya je gida ya huta. Haka ya ce, ya huta. Yaro mai tausayi.

Maigadin gidan hutun abokina ne, Nomau, Badamagare. Fasfonsa ya ce shekararsa hamsin, kuma fasfo ne mai kunya, ba ya son yi wa mai shi gori. Matarsa Aissa da 'yan matansu biyu suna unguwar Karantina, duk a kan iƙamarsa suke zaune. 'Yan matan nan a Jidda aka haife su, Damagaram a bakin ubansu kawai suka san ta.

Da a fasfo aka tsaya, da lafiya lau. Matsalar ita ce marigayi yana da wata magana a kan jirgin ruwansa da kowa a gidan ya haddace: "Nomau da jirgin nan mako ɗaya suka zo mini, jirgi da ƙaton ɗan shekara talatin." Hamad ya taso yana jin ta, shekarar ce bai sani ba, don ba a haife shi ba. Wato duk wanda ya gano shekarun jirgi, ya ɗora talatin a kai, ya gano na Nomau.

Wata Alhamis da hantsi sai ga Nomau a rumfata, ko sallamar kirki babu.

"Badaru, za a sayar da jirgin. Kai za a kira ka faɗi shekarunsa."

"Ni? Bakano? Ruwan da na sani na kududdufi ne."

"Ni na ba da sunanka. Na ce masa ko tukunya ka ƙwanƙwasa sai ta gaya maka ranar sunanta. Bon, ka ce ashirin. Ashirin da talatin hamsin, halas."

"Ashe kun iya lissafi a Damagaram."

"Ka bar wasa. Aissa ba ta barci."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, rage shekara ai abincina ne. Bai kai bakin titi ba wayata ta yi ƙara. Hamad ne. Ya ce akwai wani likitan haƙori, Dakta Mahmud, da ya buɗe gidan cin kifi, yana neman tsohon jirgi na asali ya rataye a rufi don ado. Amma sai in ƙirar shekarun 1970 ne, in bai kai ba ba ya so. "Ya hajj," in ji Hamad, "ka duba da kyau. Ina jin tsoho ne sosai." Na ce in sha Allahu za mu same shi da tsufa.

Ranar Asabar bayan la'asar na isa Abhur. Abin da ake kira jirgi, kwalekwale ne guda biyu sirara, an haɗa su da ƙarafa, an ɗaure tamfol a tsakani inda mutum zai zauna ya jiƙe. Ga doguwar sandar alminiyam a tsaye, ga zanen da iska ke turawa, shira'i suke ce masa. Ba inji, ba inuwa, ba wurin ajiye butar shayi. Sai wanda ya ƙoshi yake sayen wahala irin wannan. Amma fa tsaf yake. Nomau bai taɓa hawansa ba, ko gwiwarsa ba ta taɓa shiga teku ba, sai dai kullum ya wanke shi da ruwan daɗi ya lulluɓe shi kamar jinjiri.

Na ce Hamad da Dakta su sha shayinsu tukuna, ni da maigadi za mu zagaya. Dakta ya riga ya gaya mini irin waɗannan jiragen ana zana musu lamba a gindi, ƙarshen lambar shi ne shekarar ƙira. Na durƙusa na duba. Wurin sumul, an goge shi an shafa fenti, fentin ma bai gama bushewa ba, kuma jirgi ruwan ɗorawa, fenti fari.

"Wane gwani ne ya yi wannan?"

"Gishiri ne ya ci," in ji Nomau, yana kallon sama.

"Gishirin Abhur har fenti yake shafawa in ya gama ci. Allah ya yi masa albarka."

Ni ba na buƙatar lamba. Na danna bayan kwalekwalen da babban yatsa, ya lotsa kamar mangwaron da ya kwana uku a tire. Na sa ya warware shira'in, sai ga ratsin ruwan goro da na ƙasa da na lemo, irin launin labulen da na yi ta sayarwa daga gidajen Turawan kamfani sa'ad da nake sabon dillali. Ƙarafan da ke riƙe da matuƙan baya sun yi fari sun yi ƙuraje. Sannan a gindin sandar, ƙarƙashin igiya, inda gwanin fenti bai duba ba, ga 'yar takardar shagon da ya sayar da shi manne, da lambar tarho. Lamba biyar. Rabon Jidda da tarho mai lamba biyar, tun gemuna bai cika ba.

Na ja Nomau bayan ɗakin janareta.

"Jirginka ya haura talatin, kuma ko makaho ya shafa zai faɗa. In na ce ashirin, Dakta zai kira wani, a gano ni, a gano ka."

Fuskarsa ta zube. "To, Aissa fa?"

"Saurara. Marigayi cewa ya yi mako ɗaya kuka zo. Ya taɓa cewa sabo ya saya?"

"Bai faɗa ba."

"Madalla. Wani Bajamushe ne ya fara sayensa a shagon nan, ya yi shekara goma sha yana wasa da shi, da zai tafi ya sayar wa marigayi, makon nan kai kuma ka sauka. Jirgi ya tsufa, kai ka yi ƙuruciya, kowa ya samu abin da yake so. Aikinka ɗaya, ka rufe bakinka. In an kalle ka, ka gyaɗa kai."

"Wane Bajamushe?"

"Wanda na haifa yanzun nan. Ka iya gyaɗa kai, ko sai na koya maka?"

Ya ce ya iya.

Muka dawo. Na gyara hula na fara, da Larabcin kasuwa, a hankali, yadda ake sayar wa mai kuɗi abu. Na nuna wa Dakta launin shira'i, na sa ya danna da yatsansa, na kai shi ga lambar tarhon. Ya cire tabarau ya tsuguna da farar jallabiyarsa a cikin yashi yana "ma sha Allah", kamar an nuna masa jikansa. Hamad sai murmushi yake. Sannan na kawo Bajamushe. Na ba shi jan gemu da kare da mata mai shan taba. Na kalli Nomau, ya gyaɗa kai. Wuyan ya ɗan yi tauri, amma ya gyaɗa.

Da a nan aka tashi, da yanzu wani labarin nake ba ku. Sai Dakta ya miƙe yana kaɗe yashi, ya ce wa Hamad, "Wato musta'amal mahaifinka ya saya, na hannu. Shi ya sa. Dubi wannan ƙarfen na gaba, a karkace aka ɗaura shi tun farko. Wanda ya fara haɗa jirgin nan bai san aikinsa ba."

Na ji numfashin Nomau ya canza a bayana. Na taka masa ƙafa. Ya janye ƙafar.

"Musta'amal?" ya ce.

"Ya ammi, ba da kai ake ba," in ji Hamad.

"Wa ya ce a karkace yake? Haka ya zo! Ni na haɗa shi, da hannun nan, ni da marigayi, yana karanta littafin ina ɗaurawa. A akwatin katako aka kawo shi daga tashar jirgin ruwa. Ni na ɓalle ƙusoshin, ni na cire masa leda, ƙamshin sabunta har cikin kaina. Marigayi ya sayi na hannu? Mutumin da ko motar da wani ya ɗana ba ya shiga? Babu wani Bajamushe! Ba wanda ya taɓa jirgin nan kafin ni!"

Na ce, "Zafin rana ne, ya Hamad, tun safe yake tsaye."

"Ba zafin rana ba ne! Lokacin ma filin jirgin sama yana cikin gari, jirage na bi ta kan unguwar Kandara, nan wurin kuwa babu komai sai yashi da mu!"

Dakta ya tafa hannu. "Filin jirgi na cikin gari! Kafin tamanin da ɗaya ke nan. Kuma mai shi ɗaya tun daga akwati. Mumtaz! Na saya."

Hamad bai tafa ba. Ya tura tabarau sama, leɓɓansa na motsi. Kuɗin makarantar da aka kashe masa bai tafi a banza ba, ya iya tara talatin da talatin.

"Ya ammi Nomau," ya ce a hankali, "shekararka nawa?"

Sai a lokacin Nomau ya waiwayo ya kalle ni. Ni kuwa na sami wani abin sha'awa a cikin teku ina kallo.

"Hamsin," ya ce. Sannan, don ladabi, ya gyaɗa kai.

Hamad ya rungume shi, ya sumbaci goshinsa, ya ce wallahi sun zalunce shi da suka bar dattijo kamarsa yana aiki har yau. Iƙamarsa za ta ƙare a Rajab, ba za su ƙara wahalar da shi ba, kuma tikitin iyali duka a kansa. Har hawaye ya yi. Na gaya muku yaron yana da tausayi.

A tasi muka dawo gari, ni da Nomau a baya. Da muka wuce unguwar Balad sai ya juyo.

"Amma kai ma, Badaru, ka ji abin da ya ce. A karkace."

"Na ji."

"Ba a karkace yake ba."

"Ko kaɗan. Ka tafi da wannan Damagaram, ka nuna wa 'yan matan."

Wayarsa ta yi ƙara. Aissa ce, muryarta har kujerata. "Yaya, Malam? An gama? Me suka ce?"

Nomau ya gyara zama, ya yi gyaran murya. "An gama. Sun so su yi wa jirgin ƙarya, na gyara musu."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "To, iƙamar fa?"

Na taɓa kafaɗar direba na ce ya sauke ni a nan, sauran hanyar zan ƙarasa da ƙafa.